Ƙwaron da Ya Shiga Kunnen Rabi

Wanda zai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba kuma ba na jin haushinsa, don ni kaina da a majalisa wani ya ba ni wannan labari, cewa zan yi ya rage shan shayi mai kauri. Amma wallahi a gidana ya faru, a kan matata, kuma har yau da nake rubuta muku muna cikinsa.

A tsakiyar shekarun casa'in ne, lokacin da kowa yake kwararowa Suleja saboda hayar Abuja ta fi ƙarfin talaka. Ni ko aikin Abujar ban samu ba, sai na maƙale a wani ƙaramin asibitin kuɗi a bayan kasuwa ina aikin ɗakin gwaji, wato lab. Jini, fitsari, majina, duk abin da mutum yake ƙyama wajena ake kawo shi. Babban kayan aikina wani tsohon maikiroskof ne, mu dai madubi muke ce masa, irin wanda yake ɗebo hasken rana ta ƙasa, shi ya sa teburina yake manne da taga, tunda wutar lantarki a lokacin baƙuwa ce.

Ina da wata ɗabi'a da na ɗauko tun muna makarantar koyon aikin lafiya a Zariya. In babu marasa lafiya, sai in kamo ƙuda ko mazari ko malam-buɗe-littafi in ciro fiffike in sa a madubi ina kallo. Nas-nas ɗinmu suna min dariya, wai man fetur ya yi tsada amma ni ƙwari ne suka dame ni. Ku ba ku sani ba ne. Koren ƙudan nan da kuke kora a kan nama, in ka haska shi ta sama ka leƙa, sai ka ga kore yana komawa shuɗi, shuɗi yana komawa ruwan zinariya, kana ɗan karkata shi yana canzawa kamar wuyan tantabara. Abin mamakin shi ne babu rini a ciki ko ɗis. Wani malaminmu ya yi mana bayani cewa jikin ƙwaron hawa-hawa yake, sirara ƙwarai kamar ɓawon albasa, to in haske ya faɗa a kai sai ya dawo da launi. Shi ya sa fiffiken malam-buɗe-littafi mai shuɗi in ka haska shi ta ƙasa ruwan ƙasa kawai za ka gani, in ka jiƙa shi da sifirit launin ya ɓace sai ya bushe ya dawo, in kuwa ka murje shi to ya tafi ke nan, ƙura ce za ta rage a yatsanka. Ku riƙe wannan, don a nan maganar take.

Matata Rabi ɗinkin hula take yi, kuma ba yabon kai ba, ma'aikatan Abuja har layi suke bi. Ido gare ta na masifa. Zare biyu da ni zan rantse iri ɗaya ne, ita sai ta ce wannan algashi ne, wancan ya ɗan sirka da ruwan ganye. Wata rana ta kawo min abinci asibiti na ce ta leƙa madubi, na sa mata fiffiken wani ƙwaro. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta ce, "Malam, wa ya rina wannan?" Na ce babu wanda ya rina shi, haske ne kawai. Ta ce, "Kai dai faɗi. Da zan samu zare irinsa, da na huta da talauci." Muka yi dariya, ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Da farkon damina, tana da ciki ya fara nauyi, ta zauna a tsakar gida bayan azahar tana ɗinki, kwandon zarenta a gefe, barci ya sace ta. Farkawa ta yi da ihu, wani abu yana kartar cikin kunnenta. Gidan haya ne, maƙwabciyarmu Maman Emeka ce ta fara fitowa, ta yi abin da kowa yake yi, ta kwantar da ita ta ɗura mata man gyaɗa a kunne har abin ya daina motsi. Daga nan ta ɗora ta a acaba suka zo asibitinmu, likita ya sa hantsaki ya ciro shi. Ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai tauri, bai kai ƙwayar wake ba, baƙi-baƙi, ba sheƙi ba komai. Likita ya ce kunne lafiya lau. Ni kuma, da yake hali ne, na karɓi mushen na jefa a kwalbar allura na ajiye a aljihun tebur.

Ba a yi mako ba Rabi ta ce min mai shagon zare ya cuce ta, ya sayar mata da koren zare da ya koɗe. Na ɗauka na duba, kore shar. Na ce mata lafiyarsa ƙalau. Ta dube ni, ta dubi zaren, sai ta miƙe ta fita ta tsaya gaban bishiyar mangwaron da ke ƙofar gida. Ta ce, "Malam, ganyen nan fa?" Na ce kore ne mana. Ta ce ita toka take gani. Na ce mata ciki ne, zai wuce.

Kwana biyu bayan haka aiki ya yi sauƙi, na tuna da ƙwaron, na ciro shi na ɓalle murfin fiffikensa guda na ɗora a gilashi na haska ta sama. Jama'a, abin da na ajiye baƙi ne, da hannuna na ajiye shi. Amma ga shi nan kore, wani irin kore mai rai da ban taɓa gani a jikin ƙwaro ba, yana ƙyalli kamar an jiƙa ganye da ruwan sama. Na ce wa kaina man gyaɗa ne ya rufe shi da farko, yanzu ya tsane. Na ji daɗin wannan bayani, har na yi wa kaina kallon mai ilimi.

Sai shuɗi ya tafi. Ranar ta leƙa sama ta ce hadari ne, alhali garin tas yake. Na je na leƙa madubi da safe, na tarar gefen fiffiken ya yi shuɗi. Daga nan ruwan ɗorawa, daga nan shunayya. Duk launin da ta wayi gari ta rasa, in na je zan same shi a jikin mushen nan, ya shiga layi kusa da 'yan uwansa, kana karkata gilashin suna bin juna. Matacce ba ya canza launi, wannan ko ɗalibin aji ɗaya ya sani. Na nuna wa likitanmu, ya leƙa ya ce kyakkyawan ƙwaro ne, ya ce in kai matata asibitin ido a Kaduna in daina ɓata lokaci. Na kai ta. Aka haska, aka ɗiga magani, aka nuna mata wasu katuna masu ɗige-ɗige, aka ce idon lafiyarsa ƙalau, wataƙila daga ƙwaƙwalwa ne, mu dawo bayan ta haihu. A motar dawowa, wajen Diko, ta ga wata mata da jan mayafi ta riƙe hannuna ta ce in bar ta ta kalla, shi kaɗai ya rage mata. Kafin ƙarshen watan shi ma ya bi sauran.

Ba makancewa ta yi ba, kada ku fahimce ni a karkace. Tana ganin komai, tana girki, tana zura zare a allura. Amma duniya ta koma mata kamar tsohuwar talabijin mai baƙi da fari. Ta yi ƙoƙarin ci gaba da ɗinki, ni nake ware mata zare da safe kafin in fita, ita kuma ta ƙulla alama a bakin kowanne. Hular farko da ta gama a haka, mai ita ya juya ta a hannu ya ce, "Hajiya, wannan ai ta masu wasan sallah ce." Da na dawo na tarar ta tura kwandon zaren ƙarƙashin gado. Abinci ma ya fita ranta, ta ce miyar kuka da miyar ja duk kamar kwaɓaɓɓen siminti suke a idonta. Mai ciki ce fa, ga ta tana ramewa a gabana.

Akwai wata dattijuwa 'yar Gbagyi daga wajen Zuma da take kawo mana itace, ɗauke a kafaɗa yadda suke yi. Maman Emeka, da bakinta ba ya riƙe magana, ta ba ta labari. Dattijuwar ta ce a nuna mata ƙwaron, na ɗauko na nuna mata. Ba ta taɓa shi ba. Tambaya ɗaya ta yi da Hausarta, ta ce, "Ya fito da rai, ko ya mutu a ciki?" Muka ce a ciki ya mutu. Ta dubi Rabi, ta sunkuya ta mai da itacenta kafaɗa, ta fita. Na bi ta har titi ina cewa Mama ki yi min bayani, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ba ta sake taka gidanmu ba, kuma na neme ta a kasuwa ban ƙara ganinta ba.

To, ga inda Allah ya nuna mana ɗan haske, wanda daga baya na ce da ma bai zo ba. Wata rana da tsakar rana na ɗiga sifirit a kan fiffiken don in goge ƙurar da ta hau shi. Nan take launukan suka mutu, ya koma ruwan ƙasa, kamar yadda aka koya mana. Ya bushe suka dawo. Ban kawo komai a raina ba. Da na koma gida da yamma na tarar Rabi a bakin ƙofa tana jirana. Ta ce wajen azahar tana wanke-wanke sai bokitin ya zama ja a hannunta, ta ɗaga kai ga mangwaro kore, ga sama shuɗiya, kafin ta gama kiran Maman Emeka komai ya koma toka.

Washegari na kawo ƙwaron gida da kwalbar sifirit. Na zaunar da ita, na jawo kwandon zaren, ban gaya mata lokacin da zan ɗiga ba, na juya mata baya ma. Ina ɗigawa ta ce, "Ga shi." Ta shiga ɗaga zare tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya tana kuka, ni ma ban san lokacin da na fara ba. Sai na yi abin da kowa zai yi, na cika kwalba da sifirit na jefa ƙwaron da fiffikensa ciki na toshe bakin.

Mun samu wajen wata guda na jin daɗi. Ta koma ɗinki, ta ci abinci, kumatunta suka dawo. Na ɗora kwalbar a saman kwaba ina duba ta safe da yamma kamar mai jinya. Har na fara yi mata tsiya cewa yanzu ta zama matar da idonta yake cikin kwalba. Sai wata safiya ta ce koren ya fara yin haske-haske. Na sauko da kwalbar na ɗaga ta a rana, na ga ɗan ƙyalli kore a cikin sifirit, a jiƙe, abin da ba ya yiwuwa. Na canza sabon sifirit, bai hana ba. Na sa man da muke ɗigawa a gilashin gwaji, ya riƙe 'yan kwanaki. Na sa kananzir, ya riƙe yini. Daga ƙarshe duk abin da na tsoma shi a ciki, kafin ta gama kallon ɗakin ya ƙwace launin. Wannan karon ya fi na farko ciwo, don yanzu ta san abin yana nan a saman kwaba, tana ganin kwalbar, ba ta ganin abin da ke ciki.

Da haihuwa ta matso, Innarta ta zo daga Funtuwa don ta zauna da ita. Inna mace ce mai hankali, ba na faɗin wani abu a kanta sai alheri, Allah ya jiƙanta. Ta saurari labarin tun daga farko, ta sa na ɗiga sifirit a gabanta ta gani. Sai ta ce, "Malam, ai maganar a fili take. Abin idonta ne yake jikinsa. A niƙa shi a haɗa da kwalli a sa mata, ya koma inda ya fito."

Na ce, "Inna, ba rini ba ne. In aka niƙa babu abin da zai rage, launin fita zai yi gaba ɗaya."

Ta ce, "To ba fitar muke so ba? Kai da kanka ka ce in ya bar jikinsa wajenta yake zuwa."

Abin da na iya cewa kawai shi ne, in an jiƙa ana iya bushewa, in an niƙa ba a iya haɗawa, kuma wa ya ba mu tabbacin hanyar da zai bi. Na ɗauke kwalbar na koma da ita asibiti na kulle. Muka yi kwanaki a haka, Inna ba ta ƙara tayar da maganar ba, gaisuwa kawai. Rabi ce ta same ni ina alwala ta tsuguna kusa da ni da ƙyar saboda cikin. Ta ce, "Malam, abin da kake ajiyewa yanzu ko ƙiftawar ido ba ya kaiwa. So nake in ga abin da zan haifa yadda Allah ya yi shi. Idona ne, ka ba ni." Ku gaya min, me za ku ce mata?

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka yi. Inna ta wanke dutsen niƙan kwallinta, ta yi bisimilla, ta ɗora ƙwaron a bushe, yana ta walƙiya a rana, duk launukan Rabi suna jikinsa. Ina tsaye, Maman Emeka tana leƙe daga ƙofarta. Ƙarar fashewarsa ƙarama ce, kamar an taka gyaɗa. Rabi ta ja numfashi ta miƙe tsaye. Ta juya tana kallon tsakar gida, shanyar kaya, bokiti, bango, fuskata. Ta ce komai ya dawo, har ya fi da, ta ce akwai launuka a jikin bangon nan da ba ta san sunansu ba, tana dariya tana nuna mana wurin da mu siminti kawai muke gani. Inna tana hamdala tana ci gaba da niƙa. Na ji kunya ta kama ni, na ce a raina ashe na so in hana ta.

Inna ba ta kai ga ɗaukar kwallin ba ma. Dariyar Rabi ta tsaya. Ta ce, "Inna, dakata." Amma babu sauran abin dakatawa, ya riga ya zama gari. Ta ce launin yana janyewa ta gefe-gefe kamar ruwa a kan yashi. Ta kafa ido a kan jan bokitin nan ba ta ƙiftawa, wai ko za ta riƙe shi. Sai ta zauna a ƙasa a hankali ta ce, "Shi ke nan." An dai sa mata kwallin, safe da yamma har ya ƙare, don kada a ce ba a yi ba.

Na kankare ɗan abin da ya rage a dutsen na kai asibiti. Na haska ta sama, na haska ta ƙasa, na jiƙa, na busar, na karkata shi ta kowace fuska. Ƙura ce ruwan ƙasa. Launin ba ya jikin ƙwaron, ba ya idon Rabi, kuma har yau ban san inda ya tafi ba.

Ta haifi 'ya mace lafiya. Mun koma asibitin Kaduna, mun je wajen malamai, mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, babu abin da ya motsa. Ni kuma na zama mahaukacin ƙwari na gaske, duk damina ina bin gonaki ta wajen Zuma har Gawu Babangida ina neman irinsa, ban ma san me zan yi da shi ba in na samu. Ban samu ba. Rabi ta bar ɗinki ta koma sayar da ƙuli-ƙuli. Shekarun farko tana ganin launi a mafarki, ta farka ta ba ni labari da murna. Daga baya ta daina ba ni, ni kuma ban tambaya ba. Ranar da aka yi wa 'yarmu lallen aure, ta riƙe hannun yarinyar ta daɗe tana juyawa, sannan ta matso kusa da ni ta tambaya a hankali ko ya kama.

Na bar aikin lab tuntuni, kuma ba na iya kallon koren ƙuda ko wuyan tantabara ba tare da tsigar jikina ta tashi ba, don sai in riƙa tunanin na wane ne wannan. Masu ilimi sun sha yi min bayani, wani ya ce jijiya ce, wani ya ce dacewa ce kawai aka yi. Na gode musu, amma ba su tsaya a tsakar gidan nan ba ranar Juma'ar.

Shawarata gare ku kaɗan ce. In damina ta faɗi, kada ku bar mutum ya yi barci a tsakar gida kunne a buɗe. In ƙwaro ya shiga, ku garzaya asibiti, ku roƙi a gwada fito da shi da ransa kafin a kai ga ɗura mai. In kuma abu ya lalace muku amma da sauran ɗan abin da ya rage, ko na ƙiftawar ido ne, ku yi tunani sosai kafin ku ɗora shi a kan dutse.

Kwanakin baya muna zaune a ƙofar gida bayan an ɗauke ruwa, jikarmu tana wasa da ganyen mangwaro. Rabi ta karɓi ɗaya ta shafa shi da yatsa, ta ce, "Malam, koren nan, tuna min, yaya yake ma?" Matar da ta koya min bambancin algashi da ruwan ganye ce take tambayata, kuma wallahi ban samu abin da zan gaya mata ba.